Daga fim zuwa dijital: ma'anar kalmomin hoton eksire da abin da ya kamata mai ɗauka ya kiyaye

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a ɗakin hoto na wani asibitin jiha. Mun daɗe muna aiki da fim da ɗakin duhu, yanzu an kawo mana injin CR, na hoton dijital da ake kai kaset a karanta, ana kuma cewa DR, wanda allonsa ke karanta hoto da kansa, na tafe. Injiniyan da ya haɗa shi ya yi ta ambaton fiksel, bit, EI, DI, histogiram, DICOM da PACS, ya kama gabansa. Hotuna dai suna fitowa da kyau kusan kullum, ko da na sauya saiti. Don Allah a yi mini bayanin tushen abin, da ma'anar waɗannan kalmomi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar da ka yi cewa hotuna suna fitowa da kyau ko da ka sauya saiti, ita ce ya kamata ta fi ɗaukar hankalinka, don duk abin da ya bambanta dijital da fim yana cikinta.

A zamanin fim, abu ɗaya ne ke yin aiki uku. Fim ne ke karɓar hasken eksire, shi ke riƙe hoton, shi kuma ake maƙalawa a akwatin haske likita ya duba. In haske ya yi yawa fim ya ƙone ya yi baƙi, in ya yi kaɗan ya fito fari fat. Fim da kansa yake tona asirin wanda ya ɗauka. Dijital ya raba ayyukan nan gida uku: akwai allon da ke karɓar haske, akwai manhajar da ke sarrafa abin da aka karɓa, akwai sikirin da ke nunawa. Manhajar ce ke daidaita haske da duhun hoto, kuma za ta daidaita shi ko ka zuba wa majiyyaci ninki uku na abin da ya kamata. Saboda haka kyawun hoto a ido ya daina zama shaidar cewa saitinka daidai ne. Kowace kalma da injiniyan ya ambata tana zaune a ɗaya daga cikin matakan nan uku, kuma in ka san matakin da take, ma'anarta ba za ta ba ka wahala ba.

Kan inji, wato ɓangaren da ke harba eksire, bai sauya ba. Hasken da Wilhelm Röntgen ya gano a garin Würzburg na Jamus a watan Nuwamban 1895 shi ne dai muke harbawa. kVp ne ke yanke ƙarfin ratsa jiki, mAs kuma yawan hasken. Ƙara kVp da kashi 15 cikin ɗari yana ninka abin da ke isa allo kusan sau biyu, kuma in ka ƙara tazarar kan inji da allo daga santimita 100 zuwa 200, kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai zai isa. Duk wannan ka san shi. Abin da ya sauya shi ne tasirinsu a kan hoto. mAs ya daina yanke hasken hoto ko duhunsa, ya koma yanke tsabtar hoto da yawan radiyeshin da majiyyaci ya sha. Tasirin kVp a kan bambancin fari da baƙi ma ya ragu, domin manhaja ce ke da babban kaso a nan yanzu.

Yadda CR da DR suke karɓar haske

Kamfanin Fuji na Japan ne ya fara fitar da CR kasuwa a 1983. Kaset ɗinsa daga waje kamar na fim yake, girmansa ma ɗaya, santimita 35 da 43, ko 24 da 30, ko 18 da 24, shi ya sa asibiti ke iya shiga dijital ba tare da ya sauya tebur ko kan inji ba. A ciki akwai faranti da aka shafe da sinadarin bariyom fuloro-buromayid mai ɗan garwayen yurofiyom. Idan hasken eksire ya sauka a kansa, sai wasu ilektiron su ɗaga su maƙale a cikin ƙwayoyin sinadarin, yawansu gwargwadon hasken da ya sauka a wurin. Wannan shi ne ɓoyayyen hoto, ido ba ya ganinsa.

Da ka tura kaset cikin injin karantawa, sai ya zaro farantin ya riƙa jan sa a hankali, wani siririn jan hasken leza mai faɗin kusan milimita 0.1 yana sharar sa layi bayan layi. Duk inda lezar ta taɓa, ilektiron ɗin da suka maƙale sai su saku, su fitar da shuɗin haske. Wani bututun tattara haske ya kwashe shi ya kai wa na'urar da ke mayar da shi lantarki, wata kuma ta mayar da lantarkin lambobi. A ƙarshe farar fitila mai ƙarfi ta haske farantin gaba ɗaya ta goge ragowar, a mayar da shi kaset. Duka bai wuce minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba.

Abu biyu ke fitowa daga wannan bayani. Ɓoyayyen hoton yana dushewa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kan tafi cikin awa takwas, don haka kaset ɗin da aka ɗauko daga ɗakin kwanciya kada ya kwana ba a karanta ba. Sannan farantin yana da saurin kamuwa fiye da fim. Yana ɗaukar radiyeshin ɗin da ke cikin muhalli, yana ɗaukar wanda ya fantsama in an jingine shi a cikin ɗakin hoto ana aiki. Kaset ɗin da ya yi kwana biyu ba a taɓa shi ba, a goge shi tukuna, musamman safiyar Litinin.

DR ba shi da faranti mai fita, allon kansa ne ke karantawa, hoto ya bayyana cikin 'yan daƙiƙu. Ya fara yaɗuwa a ƙarshen shekarun 1990, kuma iri biyu ne. Na farko yana bi ta tsani: shimfiɗar siziyom ayodayid, CsI, ko gadoliniyom okzisalfayid, GOS, tana mayar da eksire haske irin wanda ido ke gani, sai shimfiɗar silikon da ke ƙasa ta mayar da shi cajin lantarki, miliyoyin ƙananan makunnai da ake kira TFT su karanta cajin. Na biyu yana amfani da seleniyom, wanda ke mayar da eksire caji kai tsaye, an fi samunsa a injin hoton nono. In an zo saye aka ba ku zaɓi tsakanin CsI da GOS, CsI ya fi. Ƙwayoyinsa a tsaye suke sirara-sirara, suna hana haske bazuwa gefe, kuma yana ba da hoto mai kyau da ƙaramin radiyeshin. GOS ya fi araha, iyakar fifikonsa ke nan a mafi yawan aikin yau da kullum.

Fiksel, matiriks da bit

Hoton dijital tarin ƙananan murabba'ai ne a jere, kowanne shi ne fiksel, kowanne yana ɗauke da lamba ɗaya da ke nuna yawan hasken da ya isa wurin. Matiriks shi ne yawan layukansu a tsaye da a kwance. Girman fiksel lissafi ne mai sauƙi: raba faɗin fili da matiriks. Allo mai santimita 43 da 43, wato milimita 430, in matiriks ɗinsa 3000 da 3000 ne, kowane fiksel milimita 0.143 ke nan.

Wannan lamba ce ke yanke iyakar ƙanƙantar abin da allo zai iya rarrabewa. Ana auna ta da tagwayen layi, fari ɗaya baƙi ɗaya, nawa ne za a iya gani a cikin milimita guda. Tunda kowane tagwaye na buƙatar fiksel biyu, iyakar ita ce ɗaya a raba da ninki biyu na girman fiksel, abin da ake kira iyakar Nyquist. Fiksel mai 0.143 zai ba da tagwaye 3.5, mai 0.1 ya ba da 5. Na hoton nono sukan sauka zuwa tsakanin 0.05 da 0.1, saboda ƙananan ƙwayoyin kalsiyom da ake nema. Ƙara girman hoto a sikirin ba ya ƙara komai a kan wannan iyaka, fiksel ɗin ne kawai suke kumbura. A injunan CR da dama ana karanta ƙaramin kaset da fiksel mafi ƙanƙanta fiye da babba, don haka yatsa ko wuyan hannu a sa shi a kan 18 da 24 ko 24 da 30. Ɗora tafin hannu a tsakiyar 35 da 43 don shi ne ke kusa lalaci ne da ke rage kaifin hoto.

Bit kuma yana faɗin matakai nawa ne na toka-toka tsakanin fari da baƙi fiksel ɗaya zai iya ɗauka. Kowane ƙarin bit ninki biyu ne: bit 8 matakai 256, bit 10 matakai 1024, bit 12 matakai 4096, bit 14 matakai 16,384, bit 16 matakai 65,536. A kaifin layi fim mai kyau yana gaban yawancin allunan dijital har yau. Inda dijital ya yi masa fintinkau shi ne rarrabe nama biyu da kaurinsu ya yi kusa da juna, kuma daga yawan matakan nan da sarrafa su abin ya samo asali.

Ga lissafin ajiya, tunda zai zo muku. Matiriks 3000 da 3000 fiksel miliyan 9 ne, kowanne yana cin bayit 2, hoto ɗaya megabayit 18 ke nan in ba a matse shi ba. Ɗakin da ke ɗaukar hoto 100 a rana zai cika gigabayit 1.8 kullum, sama da 650 a shekara. Kwamfutar da ke jikin injin ba rumbun ajiya ba ce, in ta cika wasu injunan tsofaffin hotuna suke gogewa da kansu.

Yawan haske, yashi-yashi, EI da DI

Nan ne zuciyar maganar. Fim yana aiki ne a cikin ɗan ƙaramin zango na haske, ka ɗan kauce sama ko ƙasa ya lalace. Allon dijital yana amsawa daidai gwargwado a zango mai faɗin gaske, daga mafi ƙanƙantar haske zuwa wanda ya ninka shi kusan sau dubu goma. Wannan shi ne faɗin zangon karɓa. Alheri ne, domin maimaita hoto saboda kuskuren saiti ya ragu ƙwarai. Haɗarinsa kuma yana ɓangare ɗaya.

In hasken ya yi kaɗan, hoto ba zai yi fari ba, zai yi yashi-yashi. Dalili shi ne eksire ƙwayoyi ne da ke sauka ba bisa tsari ba. Kamar yayyafi ne a kan daɓe: in ɗigo kaɗan ne za ka ga wani wuri a jiƙe wani a bushe, sai ruwa ya kece sannan daɓen ya jiƙe bai ɗaya. Tsabtar hoto tana ƙaruwa ne a hankali, in kana son ninka ta sau biyu sai ka ninka hasken sau huɗu. Likita yana ganin yashi-yashi nan take, ya dawo da hoton. In hasken ya yi yawa kuwa, hoto ya fito sumul, kowa ya yaba. Mai ɗauka ya lura cewa ƙorafi yana zuwa ne daga gefe ɗaya kawai, sai ya riƙa ɗan ƙara mAs don ya zauna lafiya, na bayansa ya gaji saitin ya ƙara nasa. Cikin shekara ɗaya ko biyu radiyeshin ɗin ɗakin ya hau ba wanda ya ankara. An ga wannan hauhawar ta ɓoye a ƙasashe da yawa bayan sun bar fim, kuma yara ne suka fi cutuwa da ita.

Maganinta lambar da ke fitowa a gefen kowane hoto, wato EI, ma'aunin hasken da ya isa allo. Matsalar da aka daɗe ana fama da ita ita ce kowane kamfani da nasa salon. A Fuji lambar S ce, kuma a juye take: S 200 ya fi S 400 yawan haske ninki biyu. A Carestream ƙarin 300 ne ke nuna ninki biyu, daga 1700 zuwa 2000 misali. A Agfa lgM ce, ƙarin 0.3 ninki biyu. Wanda ya saba da wani inji ya koma wani yakan fassara lambar a baibai, ya ga S 800 ya zaci haske ya yi yawa alhali kaɗan ya yi. Abu na farko da za ka tabbatar a injinku shi ne wane salo yake bi.

A 2008 hukumar IEC mai tsara ma'aunan kayan lantarki ta duniya ta fitar da ƙa'ida mai lamba 62494-1 don a haɗa kan kowa. A wannan tsari EI yana tafiya kai tsaye da haske, kuma a yanayin gwaji EI 100 daidai yake da maikurogire 1 (ma'aunin yawan radiyeshin) a fuskar allo, EI 250 maikurogire 2.5. Ga kowane irin hoto, ƙirji ko gwiwa ko ƙugu, sashen hoto na asibiti yana tsayar da lambar da ake son a samu. DI kuma shi ke gaya maka nisan da ka yi daga wannan lamba. DI sifili ka dace. +1 ka wuce da kusan kashi 26 cikin ɗari, −1 ka gaza da kusan kashi 20. +3 ka ninka sau biyu, −3 rabi ka ba da, +6 ninki huɗu. In an tsayar da 250 ga ƙirji ka samu 400, DI zai nuna +2. In ka samu 125, zai nuna −3.

Shawarata a nan: tsakanin −1 da +1 ka wuce abinka. In ya kai +3 ko sama, kada ka maimaita, majiyyaci ya riga ya sha kuma hoton yana karantuwa, sai dai in wani sashe ya ƙone ƙurmus har bayanin wurin ya ɓace. Ka gyara jadawalin saitinka don na gaba. In ya sauka −3, ka ƙara girman hoton ka duba wurin da ake tambaya a kai. In yashi-yashi bai rufe amsar ba, a bar shi. Ba a maimaita hoto don lamba kaɗai. Ka kuma riƙe cewa EI yana auna abin da ya isa allo ne, ba abin da jikin majiyyaci ya sha ba. Mai ƙiba da siriri za su iya ba da EI ɗaya alhali na farko ya sha ninkin-ba-ninkin. Ma'aunin da ya fi kusa da abin da majiyyaci ya sha shi ne DAP, wanda ake ɗaura na'urarsa a bakin kolimeta, akwatin da ke tsuke ko buɗe filin haske, yana haɗa yawan haske da faɗin filin da aka haska.

Histogiram, da dalilin da ya sa tsuke haske ya ƙara muhimmanci

Kafin hoto ya bayyana, manhaja tana fara neman iyakokin filin da aka haska, sannan ta ƙirga fiksel nawa ne ke da kowace lamba a cikinsa. Zanen wannan ƙirga shi ne histogiram. Na ƙirji yana da siffarsa, na ƙafa da tasa. Manhajar tana kwatanta shi da samfurin da aka ajiye mata na gaɓar da ka zaɓa, ta ware lambobin da take ganin su ne jiki, ta miƙe su su cika zangon fari zuwa baƙi ta hanyar jadawalin da ake kira LUT. Daga wannan yanki da ta ware ne kuma take lissafa EI.

Ɗauki jariri da aka kawo hoton ƙirji. An kwantar da shi a kan kaset 35 da 43, an buɗe kolimeta har ta wuce gefunan kaset, hannun mahaifiyarsa da zobenta sun shigo fili, ga kuma gefen rigar dalma a ƙasa. Ƙirjin bai kai kashi ɗaya cikin biyar na filin ba. Manhaja za ta ga tulin fiksel na hasken da bai ratsa komai ba a gefe ɗaya, da na dalma a ɗaya gefen, ta miƙe zangon ya haɗa da su. Huhun zai fito a dushe, EI ya yi ƙarya, jaririn kuma an haske shi daga kai har cinya. Gyaran ba a kwamfuta yake ba. A tsuke haske ta ɓangarori huɗu a kan ƙirjin, a sa shi a tsakiyar kaset, gefunan filin su daidaita da gefunan kaset, a ɗauki ƙaramin kaset.

Irin wannan ruɗu yana faruwa in an zaɓi ciki a jerin gaɓoɓi aka ɗauki ƙirji, ko an ɗauki hoto biyu a kan faranti ɗaya ba tare da tazara mai tsabta a tsakaninsu ba, ko akwai ƙarfen tiyata babba a tsakiyar fili. In kuskuren zaɓen gaɓa ne, yawancin injuna suna barin a sake sarrafa ɗanyen hoton da sunan da ya dace, ba sai an sake haska mutum ba.

Akwai wata ɗabi'a da na tsana, ita ce a buɗe haske warwar sannan a yanke gefunan hoto a kwamfuta ya yi kamar an tsuke. Majiyyaci ya riga ya sha radiyeshin ɗin, fantsamammen haske ya riga ya dusashe hoton, kuma an ɓoye wa likita sashen jikin da aka haska wanda wataƙila akwai ciwo a ciki. Baƙin rufin da manhaja ke sawa amfaninsa kare ido daga farin gefe, ya tsaya a wajen iyakar kolimeta yadda za a ga siririn farin layinta. Haka alamar dama da hagu: ta dalma ake ɗorawa a kan kaset kafin a harba. Wadda ake bugawa daga baya a kwamfuta ta dogara da tunanin mai bugawa, ga shi hoton dijital ana iya juya shi da danna maɓalli ɗaya.

Taga kuma ita ce abin da kake ja da linzamin kwamfuta. Sikirin na yau da kullum matakai 256 yake nunawa, hoton kuwa yana da dubbai, don haka sai an zaɓi yankin da za a nuna. Tsakiyar taga tana sauya haske da duhu, faɗin taga yana sauya bambancin fari da baƙi: ƙunƙuntacciya bambanci mai ƙarfi, faffaɗa mai laushi. Kada ka matsa wa hoto da gyara kafin ka tura, a wasu tsare-tsaren abin da ka yanke ba ya dawowa wurin likita.

Kalmomi biyu da za ka gani a takardun masu sayarwa: MTF yana faɗin yadda allo ke riƙe kaifin abu yayin da abin ke ƙara ƙanƙanta, DQE kuma yadda allo ke cin moriyar hasken da ya same shi. Na CsI yakan kai kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, na CR na yau da kullum yana wajen 20 zuwa 30. Ma'anarsa a aikace, ranar da DR ya iso bai kamata ku ci gaba da mAs ɗin CR ba.

Tabo a hoto da yadda ake gano tushensa

Allunan dijital suna jin fantsamammen haske sosai, don haka girid, faifan siraran layukan dalma da ke tare fantsamammen haske kafin ya isa allo, yana nan daram ga duk gaɓar da kaurinta ya wuce kusan santimita 10. Sai dai a CR, girid marar motsi mai layuka kaɗan, kamar 40 a santimita, yakan haifar da wasu raƙuman layuka a kan hoto in layukansa sun yi daidai da hanyar da leza ke bi. A nemi mai layuka 60 ko fiye, ko a juya shi layukan su gitta hanyar lezar.

A Arewa ƙura ce babbar abokiyar gabar CR, balle da hunturu. Ka rubuta wa kowane kaset lamba, ka riƙa lura. Fararen ɗige-ɗige ko tsaga da ke fitowa a kaset ɗaya kaɗai, a wuri ɗaya, daga farantinsa ne. Siririn farin layi miƙaƙƙe daga farkon hoto zuwa ƙarshe, a kowane kaset, ƙura ce a kan bututun tattara haske a cikin injin karantawa, kuma goge faranti ba zai kawar da shi ba. Ana goge faranti da ruwan da kamfanin ya tanada da ƙyalle marar gashi. Ruwan famfo ko sifirit mai ruwa a ciki yana lalata sinadarin, musamman ta gefuna. Inuwar hoton baya da ke leƙowa cikin sabo alama ce ta gogewar da ba ta kammala ba, ko dai hoton baya ya sha haske mai yawa ko fitilar gogewa ta raunana. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a haska farantin gaba ɗaya daga santimita 180 ba komai a gabansa, a karanta, a ƙuntata taga. Duk wani tabo zai fito fili.

Ɗaukewar wuta a tsakiyar karatu tana iya cinye hoton ta kuma maƙale faranti a ciki, saboda haka injin karantawa da kwamfutarsa ba sa zama ba UPS, batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke. Sannan ku buɗe rajistar hotunan da aka ƙi, da dalilin kowanne. A da kwalin fim ɗin da aka zubar yana nan kowa na gani, yanzu maɓallin gogewa yana haɗiye shaidar.

DICOM, PACS da sikirin

DICOM shi ne tsarin da hotunan asibiti ke bi wajen ajiya da tafiya tsakanin injuna. Ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka, ACR, da ta masu ƙera kayan lantarki, NEMA, suka fitar da sigarsa ta farko a 1985, ya ɗauki wannan suna a 1993. Fayil ɗinsa yana ɗauke da hoton da cikakkun bit ɗinsa, haɗe da sunan majiyyaci, lambarsa, rana, gaɓa, girman fiksel, da saitin da aka yi amfani da shi in injin yana turawa. PACS shi ne rumbun da hanyar sadarwar da ke ajiye hotunan ta kai su gaban likita. RIS kuma yana riƙe rajista da layin majiyyata da rahoto. In an haɗa su, sunan majiyyaci yana zuwa injin da kansa, ka zaɓa kawai. In da hannu kuke bugawa, ku dogara da lambar asibiti, domin Muhammad, Mohammed da Muhammadu mutum uku ne a wurin kwamfuta, masu suna ɗaya kuma ba sa ƙirguwa.

Sikirin ɗin da ke jikin inji na duba matsayi da inganci ne, ba na rubuta rahoto ba. Na rahoto yana da fiksel miliyan 3 ga hoto na gama-gari, miliyan 5 ga na nono, an saita tokarsa bisa ma'aunin GSDF na DICOM, ana kuma duba shi a ɗaki mai ƙarancin haske. Ɗaukar sikirin da waya a tura ta WhatsApp ya zama ruwan dare, kuma a gaggawa ya fi babu. Amma a san abin da aka rasa: hoton ya sauka zuwa bit 8, an matse shi, ba a iya jan taga, ma'aunin tsawo ya tafi, ga ƙyallin fitilar ɗaki. Karayar cinya za ta fito, siririyar iskar da ta taru a saman huhu ko ƙaramin ƙulli na iya ɓacewa. Ga sunan majiyyaci kuma yana yawo a wayoyi. In za a tura wa likita na nesa, a tura fayil ɗin DICOM. Manhajojin da ke tantance tarin fuka daga hoton ƙirji, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su a 2021 ga masu shekara 15 zuwa sama, su ma da shi aka gina su su yi aiki.

Kafin a sa hannu a karɓi DR ɗin, ku sa injiniya ya zauna da ku ya nuna cewa EI da DI na tsarin IEC suna fitowa a kowane hoto, a tsayar da lambar da ake nema ga kowace gaɓa, manya daban yara daban. A sake saita AEC, na'urar da ke yanke haske da kanta, ta dace da sabon allon, domin in an bar ta a saitin fim ko na CR za ta ci gaba da ba da tsohon adadi. Ya koya wa aƙalla mutum biyu yadda ake saitin daidaita allo, wanda ke gyara bambancin fiksel da rufe waɗanda suka mutu, ya kuma rubuta muku duk wata nawa ake yinsa da iyakar zafin ɗakin da allon ke jurewa. In allon marar waya ne, ku tambaya a rubuce ko garantin ya haɗa da faɗuwa, ku nemi batir na biyu da jakar roba ta kare shi daga jini da fitsari.